Ajiyar da Ba a Karɓa Ba

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, mai karɓar ajiya ce. Ba sana'arta ba ce, ba kuma wanda ya naɗa ta. Mutane ne kawai suka ga gidanmu na Katagum yana kan hanyar kogi, suka kuma ga matar gidan ba ta da dogon hannu, ba ta da surutu. Masunta in za su yi nisa sai su bar mata ƙullin kayansu. Matan Fulani su bar mata ƙore da faifai. Har akwai wata tsohuwa 'yar Barno da ta bar mata akwatin ƙarfe, ta ce za ta je Dambam ganin 'yarta ta dawo bayan salla. Na yi wayo na tarar da akwatin a kusurwar ɗakin ajiya, na gama makaranta yana nan, kuma Inna ba ta fasa share masa ƙura ba.

Ban taɓa ganin ta ɗora kayan wani a kan na wani ba, ko da ɗakin ya cika har ƙofa ba ta rufuwa sosai. Kowane ƙulli da gurbinsa. Sannan a wurinta ajiya ba ta sauka daga wuyanta sai mai ita ya riƙe abinsa da hannunsa, ya ce ya karɓa. Muna yara mukan yi mata tsiya, mu ce saura ta riƙa sa mutane rantsuwa. Ba ta ko kallonmu, sai ta ce mu matsa mata daga ƙofa.

Mu biyu ne 'ya'yanta maza da suka rayu, ni da Yaya. Ni ne auta, kuma da Auta kowa yake kirana har yau da furfura ta kama ni. Yaya shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za ta bi ta kansa. "Wancan" take cewa, ko "yayanka". Ko ɗan maƙwabta ne ya ci sunansa, sai ta laƙa masa wani sunan. Tun yana makarantar kwana a Azare, saƙonta ta bakin wani yake isa gare shi, kuma ƙarshen saƙon ba ya canzawa: a ce masa Allah ya yi masa albarka.

Yaya ya samu tafiya ƙasar waje karatun kwamfuta, da alkawarin yana gamawa zai dawo. Ya gama, ya samu aiki, ya yi aure a can. Da Baba ya rasu bai zo ba. Ya ce takardun zamansa ba su fito ba, in ya fita ba za a bar shi ya koma ba. Ni na gane, don ni ma na ɗan taɓa boko. Inna ba ta ce ta gane ba, ba ta kuma ce ba ta gane ba. Ba ta yi masa baki ba, ko kalma ɗaya mara daɗi ban ji daga gare ta ba. Daga ranar dai ta daina sa masa albarka a ƙarshen saƙo. Abin da Yaya ya yi shekaru yana jira ke nan, kuma dukanmu uku mun san shi yake jira.

Lokacin da wayar hannu ta iso mana, kunnen Inna ya riga ya yi nauyi. In na kara mata wayar sai ta ɗan saurara, ta miƙo mini, ta ce ƙudaje kawai take ji. Ina zargin ko da tana ji ma ba za ta yarda ta yi hira da ɗan fari baki da baki ba. Sai Yaya ya yi mana wata dabara irin ta aikinsa. Ya haɗa mana shafi a intanet, namu mu kaɗai. Ba ado a jikinsa, babban akwatin rubutu ne fari, a ƙasansa maɓalli guda da ya rubuta wa AJIYE da Hausa. Ya ce rubutun ba a kwamfutar shago yake zama ba. In na danna maɓallin, tafiya yake yi ya kwanta a cikin fayil guda a wata babbar kwamfuta da ba a kashewa, can a ƙasar da yake, wadda ake kira saba. Duk wanda ya buɗe shafin a cikinmu zai ga abin da ke cikin fayil ɗin, ya sauka ƙasa ya rubuta nasa, ya ajiye.

Na tambaye shi me ya hana mu yin imel kamar kowa. Ya ce yana so maganar Inna ta taru wuri ɗaya, ya riƙa karantawa daga sama har ƙasa kamar yana zaune a tsakar gida.

Da na kai wa Inna bayani, ta bari na gama tsaf, sannan ta fara yi mini tambayoyi irin na masu sana'a ɗaya.

"Shi mai riƙe ajiyar, wane ne?"

"Ba mutum ba ne, Inna. Inji ne, saba ake ce masa."

"Saba? To da wa ya saba? Ya san ka?"

"Bai san ni ba."

"Ya san wancan?"

"Shi ma bai san shi ba, amma shi ya haɗa abin."

Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Kuma ku biyu wuri ɗaya kuke zubawa, naka a kan nasa, nasa a kan naka?"

Na yi dariya, na ce ai ba buhun gero ba ne, rubutu ne, ba ya danne ɗan'uwansa. Ta ce to, mu muka yi boko.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Azare. Haka muka tsara: Yaya yakan yi rubutunsa a tsakiyar mako, ni kuma in biya shagon intanet ranar Juma'a a buga mini a takarda, in shiga motar Katagum. A gida in zauna kusa da kunnenta mai ɗan dama-dama in karanta da ƙarfi, har maƙwabta sun san lokacin da ƙanƙara take sauka a garin su Yaya. Ita kuma ta ba ni amsa da baki, in riƙe a ka, don ba ta da tsawo. In na koma Azare, ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta, in je in rubuta. Kowa da ranarsa, shi ya sa ba mu taɓa cin karo a shafin ba.

Shagon yana bayan kasuwa, ɗaki ne ƙarami mai zafi, injin wuta na ruri a bakin ƙofa, ɗalibai cike suna jiran sakamakon jarrabawa ya buɗe. Layin intanet ɗin yana tafiya ne kamar jakin da aka yi wa lodi. In na gama rubutu na danna AJIYE, sai in naɗe hannu in zuba wa gilashin ido, ban ko son motsi. Wani lokaci inji ya mutu kafin saƙon ya wuce, in sake daga farko ina tsaki. In kuwa an yi sa'a, sai wasu ƙananan kalmomi kore su fito a sama: An ajiye. Daga nan nake sauke numfashi.

Saƙonnin Inna ba su da wani abin mamaki. Ruwa ya sauka, gero ya yi kyau. Kogi ya kawo har gindin tsamiya. Wance ta haihu, wane ya riga mu gidan gaskiya. A ce wa wancan ya riƙa rufe ƙirjinsa, tun yana ƙarami sanyi ba ya yi masa da sauƙi. A gaida mai ɗakinsa da yaran. Daga nan sai ta ja bakinta ta tsuke. Nakan ɗan jira, in yi kamar ina gyara hula, ko za ta ƙara. Sai ta ce, "Shi ke nan. Abin da na ba ka shi za ka kai, kada ka ƙara masa gishiri."

Shi ma Yaya ya ja mini kunne tun farko, ya ce kada in ƙara ko wasali, kada in rage. Ban kuwa taɓa ƙarawa ba. Amma duk sanda muka yi waya, bayan gaisuwa da tambayar aiki, sai ya kewayo.

"Auta, iyakar abin da ta ce ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, Yaya."

"To, madalla."

Wannan madallar tana ci mini rai. Gaskiya haushinsu nake ji su biyun. Ita ta san abin da yake jira ta ƙi faɗa, shi ya san abin da zai roƙa ya ƙi roƙa, ni kuma ina tsakiya ina shan kwalta tsakanin Azare da Katagum da labarin gero. Sau ɗaya na gwada yi mata maganar. Ta dube ni ta ce yaushe na zama babba. Ban sake ba.

Shekaru suka tafi a haka, fayil ɗin ya yi tsawo har sai na daɗe ina gangarawa kafin in kai ƙarshensa. Sai wata damina ciwo ya kwantar da Inna. Zazzaɓi ne da farko, daga baya ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi shiga. Na ɗauki izini a makaranta na tare a Katagum. Goggo, ƙanwar Baba, ita take jinyarta, ni nawa sayen magani da zaman bakin ƙofa. Na samu layi na kira Yaya, na gaya masa kada ya ɗauka ciwon da aka saba ne. Ya ce zai ga abin da zai iya yi.

Wata safiya, ruwa ya ɗauke ke nan, Goggo ta fita dama kunu, Inna ta yafito ni. Na durƙusa kusa da gadon. Muryarta ta yi ƙasa sosai, amma hankalinta garau yake.

Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tunda nake ban taɓa ji a bakinta ba. Har na waiga, na zaci wani ne ya shigo. Ta sake faɗa a hankali, kamar tana ɗanɗana shi, sannan ta ce, "Ka ce masa na yafe masa. Ka ce Allah ya yi masa albarka, shi da abin da ya haifa. Ka ce da sunansa na faɗa."

Hawaye kawai nake yi.

"Ba kuka na aike ka ba," in ji ta. "Tashi ka kai."

Ba ranar rubutuna ba ce, amma ko ta kan wannan ban bi ba. Na fita tasha da silifas. Motar ta daɗe ba ta cika ba, hanya kuma duk ruwa, ni kuwa ina ta maimaita kalmomin a zuci kada ɗaya ta zube. Na isa Azare rana ta take. Na samu kwamfuta a shagon, na buɗe shafin, na gangara ƙasa. Na rubuta saƙon yadda ta faɗa, har da sunan, sau biyu kamar yadda ta kira. Na danna AJIYE. Layin ya ja ni, ya ja ni, sannan koren rubutun ya fito. Ban yarda ba, na rufe shafin na sake buɗewa. Ga maganar Inna nan a ƙarshen fayil, ba abin da ya taɓa ta. Na fito waje na gwada kiran Yaya, layi ya ƙi shiga kamar yadda ya saba. Ban damu ba. Na ce ai gara ma ya gani da idonsa a wurin da ya daɗe yana dubawa.

Na koma Katagum bayan la'asar da farin ciki irin wanda na manta rabona da shi. Na sunkuya a kunnenta na ce na kai.

"Ya karɓa?"

"An ajiye masa, Inna. Da idona na gani."

"Ban ce an ajiye ba. Na ce ya karɓa?"

"Zai karɓa. Yana buɗewa zai gani."

Ta lumshe ido. "To ka riƙe, har ya karɓa."

Ba ta ƙara kwana da yawa ba, Allah ya karɓi abinsa, wata rana bayan azahar. Na kira Yaya na gaya masa. Kuka ya hana mu magana, ni kuma ban tayar da zancen shafin ba. A raina ya riga ya gani, har ina gode wa Allah da ya sa saƙon ya riga mutuwa isa.

Sai da aka share makoki na koma Azare. Ba abin da zan rubuta, amma ƙafata ta kai ni shagon. So nake in sake karanta maganarta ta ƙarshe, in ga sunan nan a rubuce. Na buɗe, na gangara. Na wuce labarin kogi, na wuce gaisuwar yara. A inda na bar saƙon Inna, babu shi. Wani dogon rubutu ne a wurin, na Yaya.

Ya fara da cewa ya san abin da ta daina faɗa, ya kuma san dalili. Ya ce ya yi kuskure da bai zo ba lokacin Baba, da ya sani da ya bar takardun sun lalace. Ya ce shekarun nan duk sanda ya buɗe shafin, daga ƙasa yake fara karantawa. A ƙarshe ya rubuta: "Inna, ki yafe mini. Ki sa mini albarka ko sau ɗaya ne, in gani a nan."

Na hau sama, na sauko ƙasa, na rufe na buɗe. Na kira mai shagon, ya duba, ya ce shi a kwamfutocinsa ba abin da yake zama, sai dai in tambayi mai shafin. Na fito na tsaya a inuwar wani shago, na yi ta gwada layi har ya shiga.

"Yaya, ka ga saƙon Inna kafin ka yi rubutunka?"

"Wane saƙo?"

Na gaya masa na rubuta saƙo, na ajiye, na gani da idona. Ya tambaye ni wace rana, da wane lokaci. Da na faɗa, sai na ji ya ja numfashi.

"Ranar na buɗe shafin tun da safe," in ji shi. "Na fara rubutu na kasa. Na goge, na sake, na kasa. Na bar shi a buɗe na tafi aiki. Sai da na dawo na ƙarasa na danna."

"To ai sai naka ya zauna a ƙarƙashin nata."

"Maɓallin ba ya ƙarawa, Auta. Duk abin da ke cikin akwatin wanda ya danna yake kwasa, ya shimfiɗa a kan fayil ɗin gaba ɗaya. Akwatina tun na safe ne, babu naka a ciki. Da na danna, nawa ya hau kan naka."

"Babu inda wani kwafi ya rage?"

"Babu. Na sha cewa zan gyara wannan."

Na tuna Inna tana tsince wake tana tambaya ko wuri ɗaya muke zubawa. Ban faɗa masa ba, abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi.

Can ya ce, da wata ƙaramar murya, "Me ta ce?"

Na gaya masa. Na ce ta yafe masa, ta ce Allah ya yi masa albarka, shi da abin da ya haifa. Ina jin numfashinsa a wayar yana sauri, na san yana so ya yarda, saura kaɗan. Sai na ƙara masa abin da nake ganin ya fi komai daraja a saƙon. Na ce, "Yaya, har sunanka ta kira. Sau biyu. Ta ce in gaya maka da sunanka ta faɗa."

Numfashin ya tsaya. Da ya sake magana, muryarsa ta koma daidai, irin muryar da ake amsa ta'aziyya da ita.

"Allah ya saka maka da alheri, Auta."

"Wallahi haka ta ce."

"Ba sai ka rantse ba. Na san kana ƙaunata. Ranar da na faɗa kogi ina yaro, ruwa na tafiya da ni, ina jin ta a bakin gaɓa tana ihu. Ka san me take cewa? Ku ciro wancan. Ko a ranar ba ta kira sunana ba."

Na ce ya tambayi Goggo. Ina faɗa na tuna Goggo tana madafa a lokacin. Ba wanda ya ji sai ni.

Na yi fushi a ranar, fushi mai tsanani, na rasa wanda zan yi da shi. Na ce zan koma shagon in sake rubutawa kalma da kalma. Ya ce in bari, ya roƙe ni kada in taɓa shafin. Na gane nufinsa. Duk abin da zai bayyana a wurin bayan rasuwarta, hannun ƙaninsa mai tausayi ne ya rubuta. Shi da kansa ya san rubutun zai iya gogewa ta hanyar da na faɗa, don shi ya gina abin. Abin da bai iya sani ba shi ne ko akwai abin da ya goge. Haka fayil ɗin ya zauna, roƙonsa a ƙarshe ba amsa, har shekarar da ya rufe shafin.

Daga baya takardunsa sun fito, ya zo gida da iyalinsa. Na kai shi maƙabarta, na kai shi ɗakin Inna, na nuna masa inda na durƙusa da inda kanta yake. Na sake faɗa masa saƙon a wurin, ido da ido. Ya saurara har ƙarshe, ya dafa kafaɗata, ya ce Allah ya ji ƙanta. Idonsa ya cika, amma na san kallon. Kallon mutumin da ake lallashi ne, yana kuma gode wa mai lallashin.

Kayan ajiyar da ke ɗakin duk masu su sun zo sun kwashe bayan rasuwarta, ban da akwatin 'yar Barno. Shi na ɗauko na kawo gidana a Azare. Yana kusurwar ɗakina, ban taɓa buɗe shi ba, ba na kuma bari a ɗora komai a kansa.

Yanzu waya ta yi sauƙi, ni da Yaya muna magana kusan kowane mako, har muna ganin fuskar juna. Mukan yi hirar yara da ciwon gwiwa da yadda kogi ya janye. In za mu yi sallama nakan ce masa, "Yaya, ajiyarka tana nan fa." Yakan yi murmushi ya ce, "To, Auta, a ci gaba da riƙewa." Har yau bai ce ya karɓa ba.